Tsatsa Na Cinye Tarihin Reluwe: Wa Zai Biya Kuɗin Ceto Shi?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa ratsa wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a jihohin Arewa, ya zaga ta bayan ofishin sayar da tikiti, to, ba sai an ba shi labarin abin da zan faɗa ba. Zai tarar da taragu a jere ciyawa ta haɗiye ƙafafunsu, ga tankin ruwa ya huje, ga sandar sigina ta karkace, awaki kuma suna kwance suna tuƙa a inuwar abin da a da ake tsayar da kowa da kowa idan zai wuce.

Kwanakin baya na je wata tasha, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, domin in sake ganin wani tsohon kan jirgi mai aiki da kwal, wanda marigayi kakana ya taɓa nuna mini ina yaro. Kakan nawa ya yi shekaru yana aikin zuba kwal a cikin irin wannan inji. A ranar da ya kai ni, ya ɗaga ni ya ɗora a kan dakalin da yake tsayawa da shebur, ya nuna mini ƙofar wuta, ya kuma nuna mini tabon ƙuna a damtsensa. Da na koma a wannan karo ban tarar da komai ba sai baƙin mai a ƙasa da 'yan ƙusoshi. Mutanen unguwar suka shaida mini cewa wasu ne suka zo da wutar yankan ƙarfe, suka yanyanka shi, suka auna a sikeli, suka loda a mota.

Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sanin kowa ne cewa adana irin waɗannan kaya yana cin kuɗi. Abin tambaya shi ne, wa zai biya, kuma ta wace hanya?

YADDA DOGO YA SHIGO AREWA

Kafin mu shiga batun kuɗi, ya kamata mai karatu ya san darajar abin da ake magana a kai.

An fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko a 1896, ya isa Ibadan a 1901. A nan Arewa kuwa, jirgin farko ɗan ƙarami ne, wanda aka shimfiɗa wa hanya a farkon shekarun 1900 domin ya riƙa kwaso kaya daga bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru, hedkwatar Gwamna Lugga ta wancan lokaci.

Babban aiki shi ne na layin Baro zuwa Kano, wanda aka soma a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. An zaɓi Baro ne saboda tana bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa za su iya kawo ƙarafa da injuna daga bakin teku idan ruwa ya cika. Tsawon layin mil 356 ne, faɗinsa ƙafa uku da inci shida, ya kuma isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da na Ikko suka zama reluwe ɗaya.

Turawa sun sa rai auduga jirgin zai riƙa kwasowa zuwa masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano kuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dunguma noma ta. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashe ta. Daga nan ne fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka shiga cinikinta, har aka kai ga dalar gyaɗa da duniya ta san Kano da ita.

Sauran layukan sun biyo baya. Na gabas ya tashi daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 saboda kwal. An kai dogo Jos ta Kafanchan a 1927, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, aka gama gadar Makurɗi a 1932, sannan ya isa Maiduguri a 1964. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. Gaba ɗaya tsohon layin ya kai kimanin kilomita 3,505. Garuruwa irin su Kafanchan da Minna da Funtuwa da Gusau da Nguru, da ita kanta Kaduna, duk jirgi ne ya raine su.

Akwai kuma wani ɗan siririn layi da yawancin matasa ba su taɓa jin labarinsa ba, wato ƙaramin jirgin Bauci. Faɗinsa ƙafa biyu da inci shida ne kacal, ya tashi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos zuwa Bukuru, tafiyar mil 143, domin kwaso kuza. An gama shi a 1914. Ko da yake sunan Bauci yake amsawa, bai taɓa shiga garin Bauci ba. Da babban layi ya isa Jos, motoci kuma suka yawaita, sai kasuwarsa ta mutu, aka rufe shi a 1957. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, za mu dawo gare ta.

ABIN DA YA TSIRA

Ba a ce komai ya salwanta ba. A gidan ajiye kayayyakin tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, an ajiye wasu kayan ƙaramin jirgin Bauci da na haƙar kuza. A Kaduna, a lambun Ƙofar Gamji, akwai gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka sake kafa ta a Kaduna a 1954, aka kuma sa ta cikin jerin kayan tarihin ƙasa a 1956.

A Jabba akwai ragowar ƙarafan wani jirgin ruwa mai suna Dayspring, wanda ya yi karo da dutse ya farfashe a kogin Kwara a 1857 yana ɗauke da Dokta Baikie da Samuel Ajayi Crowther. Shi ma yana cikin jerin.

A Ikko kuwa, cikin harabar reluwe ta Ebute Metta, akwai wani tsohon bene da aka gina a 1898, wanda ake kira Gidan Jaekel, da sunan wani tsohon babban ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihinta. Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy 1995 ce, tare da marigayi Farfesa John Godwin, masanin zanen gine-gine, ta gyara shi a 2010 da haɗin kan Hukumar Jiragen Ƙasa, ta mai da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi mai hotuna da kayan aikin da. Abin lura a nan shi ne, 'yan sa-kai ne suka ja ragamar aikin.

Doka ma akwai ta. Tun 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Amma doka ba ta sayen fenti, ba ta kuma biyan maigadi. Shaida ita ce wani tsohon gida mai suna Ilojo Bar a dandalin Tinubu da ke Ikko, wanda yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma aka wayi gari a watan Satumba na 2016 an rushe shi. To, idan abin da ke tsakiyar Ikko, kuma sunansa na cikin littafin gwamnati, bai tsira ba, ina ga tarago da ke yashe a bayan tasha a wani ƙauye?

ME KE CIN KUƊIN?

Mutane da yawa suna tsammanin ƙarfe ba ya lalacewa. Alhali kuwa ruwa da iska suna cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin icce, sai dai a hankali. Ruwan damina yakan kwanta a cikin lungunan inji da ƙarƙashin tukunyar tururi, tsatsa ta riƙa ci daga ciki, mai kallo daga waje bai sani ba sai ranar da ya taɓa da yatsa ya ga ya ɓurma. Kafin nan kuma ɓarayi sun riga sun kwance duk wani abu na tagulla da jan ƙarfe, wato usur da ƙararrawa da bututu da allon suna, domin su suka fi tsada a wurin 'yan gwangwan.

Aikin adanawa mataki-mataki ne, kuma kowane mataki da nasa farashi. Na farko shi ne a san abin da ake da shi: a bi tasha-tasha a rubuta, a ɗauki hoto, a sa lamba. Na biyu, a janyo kayan wuri guda, a yi musu rumfar kwano, a sa maigadi. Na uku, a kankare tsatsa, a shafa jan fentin da ke hana ta komowa, a sa giris, a mayar da launin asali. A wannan mataki sai an yi hattara, domin tsofaffin injuna da yawa an naɗe tukunyarsu da asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma sai ƙwararru ke cire shi. Mataki na huɗu shi ne a tayar da injin ya yi tafiya da kansa, kuma nan ne kuɗi ke zuba kamar ruwa, domin tukunyar tururi da ta ruɓe tana iya fashewa ta kashe mutane. A Ingila, duk injin da ke aiki sai an kwance tukunyarsa an duba ta ciki da waje kusan duk shekara goma.

Ga misali domin mai karatu ya ga girman abin. A 2004 babban gidan tarihin reluwe na Ingila da ke birnin York ya sayi wani shahararren kan jirgi mai suna Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, a kan kimanin fam miliyan 2.3. Gyaransa ya ɗauki shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, ya kuma ci fiye da fam miliyan 4. Wato kuɗin gyara ya kusa ninka kuɗin saye.

Haka kuma wani jirgin ruwa mai filafilai na zane, Cutty Sark, wanda aka ƙera a 1869 domin jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin, ana cikin gyaransa a Landan gobara ta kama shi a watan Mayu na 2007. Kafin a sake buɗe shi ga 'yan kallo a 2012 an kashe kimanin fam miliyan 50.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai iya cewa to, mu sai mu haƙura. A'a. Darasin da ke ciki shi ne matakai biyu na farko, rubutawa da yin rumfa, su ne mafiya arha, kuma su ne ke hana a kai ga asarar da ba ta gyaruwa. Rigakafi ya fi magani.

YADDA WASU SUKA SAMO KUƊI

Hanya ta farko ita ce ta 'yan sa-kai. A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ɗan siririn layi mai suna Talyllyn, wanda tsawonsa bai wuce mil bakwai da 'yan kai ba, da aka yi domin kwaso duwatsun rufin ɗaki. Da mai shi ya rasu a 1950 aka ga za a rufe shi, sai wasu masu sha'awar jirgi suka kafa ƙungiya, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, suka karɓi layin a 1951. Suna zuwa ranakun hutu su gyara hanya da hannunsu, kuɗin tikitin 'yan yawon buɗe ido kuma ya riƙa sayen kwal. Shi ne layi na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto ta haka, kuma har yau yana tafiya. Shekara shida bayan haka muka rufe namu na Zariya zuwa Jos, aka tuge ƙarafansa.

Hanya ta biyu ita ce ta attajirai. Wani ƙaton jirgin ruwa na ƙarfe mai suna Great Britain, da aka ƙaddamar a 1843, ya yi shekaru yashe a tsibiran Falkland, can kudancin tekun Atilantika. A 1970 wani attajiri, Jack Hayward, ya bayar da fam 150,000 aka ɗora shi a kan wani babban kwale-kwalen ƙarfe aka janyo shi zuwa birnin Bristol, inda aka ƙera shi. A yau ƙasan jirgin yana cikin wani ɗaki mai rufin gilashi da na'urori ke busar da iskarsa domin kada tsatsa ta ci gaba, jama'a kuma na biyan kuɗi su shiga kallo.

Hanya ta uku ita ce asusu na dindindin. A 1994 Birtaniya ta soma cacar ƙasa, doka kuma ta ce a ware wani kaso na kuɗin kowane tikiti domin ayyukan jama'a, ciki har da adana kayan tarihi. Asusun da aka kafa domin haka ya raba fiye da fam biliyan 8 tun daga lokacin, kuma shi ya biya kusan rabin kuɗin gyaran Cutty Sark. Ga manyan ayyuka, asusun yakan nemi mai roƙo ya kawo nasa kason, ya kuma nuna yadda jama'a za su amfana da yadda zai riƙe wurin bayan an gama gyara.

Kada mai karatu ya ce ai waɗannan ƙasar masu kuɗi ce. Ga Saliyo nan kusa da mu. An rufe reluwen ƙasar a 1974, kuma faɗin layinsu daidai yake da na ƙaramin jirgin Bauci. Amma wasu ma'aikata suka tura 'yan injuna da taragu cikin wata tsohuwar ma'aikatar gyara a unguwar Cline Town ta birnin Freetown, suka rufe. Kayan nan suka yi shekara talatin a ciki, har yaƙin basasar 1991 zuwa 2002 ya zo ya wuce, 'yan gudun hijira ma suka zauna a wurin. Da wani hafsan sojan Birtaniya, Kanar Steve Davies, ya gano su, aka haɗa hannu da gwamnati da matasan gari aka gyara, aka buɗe gidan tarihin reluwe na ƙasar a 2005. A ciki har da taragon da aka ƙera domin ziyarar Sarauniyar Ingila ta 1961. Me ya ceci waɗannan kaya? Rufi da ƙofa da kwaɗo. Kenya ma ta buɗe nata a Nairobi tun 1971, Indiya kuma a birnin Delhi a 1977.

MASU CEWA ƁATA KUƊI NE

Na san akwai masu cewa, ana fama da tsadar abinci da rashin magani a asibiti, wa ke ta tsohon ƙarfe? Maganarsu tana da ƙarfi, kuma ba wanda zai ce a ɗebi kuɗin asibiti a sayi fenti. Shi ya sa abin da ya dace shi ne a nemo kuɗin daga jikin reluwen kanta da masu cin moriyarta, kamar yadda zan bayyana. Sa'an nan asibitin da ba a gina bana ba ana iya gina shi baɗi, amma injin da aka narkar aka yi rodi da shi ya tafi ke nan har abada.

Akwai kuma masu cewa ai tarihin Turawa ne, su suka kawo jirgi domin su kwashe arzikinmu. Gaskiya ne domin amfanin kansu suka kawo shi. To, amma wa ya sare dajin? Wa ya fasa dutsen, ya ɗauki ƙasa a kai? Kakanninmu ne, Nufawa da Gwari da Hausawa da sauransu, kuma da yawansu ba da son ransu ba, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori ana tura su aikin diga, suna barin gonakinsu. Haka aka yi a ramukan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatan reluwe ne, ƙarƙashin Michael Imoudu, suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945. A ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu, kwal ɗin da jiragenmu ke ci, 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 a ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Wanda ya sayar da waɗannan ƙarafa a sikeli, ya sayar da shaidar wahalar iyayensa ne.

Ba reluwe kaɗai abin ya shafa ba. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, wadda ta ciyar da dubban gidaje kafin a rufe ta a 2002, ita ma tarihi ce. Yaron da aka haifa a Kakuri bayan an rufe ta ya kamata ya ga injin saƙa ko da guda ɗaya ne, ya san abin da garinsu ya taɓa yi.

INA MAFITA?

A nawa ɗan tunani, ga hanyoyin da za a iya bi.

Da farko, Hukumar Jiragen Ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi su haɗu su rubuta duk abin da ya rage, kuma kada a yi gwanjon wani tsohon inji ko tarago ko kirin sai masana tarihi sun duba sun sa hannu. Ba a ce a ajiye komai ba. Yawancin taragun da ke yashe ba su da wani tarihi na musamman, a sayar da su. Amma a ware wani kaso na kuɗin gwanjon domin adana 'yan kaɗan da aka zaɓa. Ta haka tsohon ƙarfe zai biya kuɗin kula da ɗan'uwansa.

Na biyu, sababbin jirage suna aiki: na Abuja zuwa Kaduna tun 2016, na Warri zuwa Itakpe tun 2020, na Ikko zuwa Ibadan tun 2021. In da za a ɗora wani ɗan abu ƙanƙane a kan kowane tikiti, a zuba shi cikin asusu na musamman mai amintattu, wanda za a riƙa buga lissafinsa a jarida duk shekara, da fasinja ba zai ji a jikinsa ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: a 1993 aka ɗora harajin kashi biyu cikin ɗari a kan ribar kamfanoni domin ilimi, kuma duk wanda ya shiga jami'o'inmu ya ga gine-ginen da aka yi da shi. Hukumar kuma tana da filaye da gidaje da shaguna da take bayarwa haya a manyan garuruwa. Hayar 'yan shaguna kaɗan a kowace babbar tasha ta isa ta biya maigadi da mai shara.

Na uku, kuɗin caca irin na Birtaniya ba zai karɓu ga da yawa daga cikin jama'armu ba, kuma ba ma bukatarsa, domin muna da waƙafi. Attajiri yana iya tsayar da gida ko rumfunan kasuwa, ya ce hayarsu ta tafi wajen kula da gidan tarihin da yara 'yan makaranta za su riƙa shiga kyauta. Akwai manyan gidajen kasuwanci a Kano da Gusau da Nguru da Jos da arzikinsu ya faro daga gyaɗa da auduga da fata da kuza, kuma duk a kan dogo aka kwashe su. Idan attajiri guda ya iya dawo da jirgin ruwa daga ƙarshen duniya, namu ba za su kasa yin rumfa ba.

Na huɗu, 'yan fanshon reluwe. Su ne suka san kowane ƙusa, kuma kullum raguwa suke yi. A kafa ƙungiyoyin sa-kai a Zariya da Kafanchan da Minna da Kano, tsofaffi su koyar, ɗaliban kwalejojin fasaha da masu walda da makanikai su yi aikin. Zariya tana da Jami'ar Ahmadu Bello, tana da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da aka kafa a 1986, ita ce kuma mahaɗar layin Kano da na Ƙauran Namoda da tsohon layin Bauci. Babu inda ya fi ta dacewa da gidan tarihin reluwe na Arewa. Haka nan a naɗi muryoyin tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da masu gyaran hanya, a ajiye a Gidan Arewa da ke Kaduna. Wannan ko wayar hannu ta isa ta yi shi.

Na biyar, wurin da aka gyara sai ya nemi abin riƙe kansa. Gidan Jaekel ya karɓi masu shirya fim da masu ɗaukar hoto da masu ƙananan bukukuwa. Masu shirya finafinan Hausa a Kano, idan suna son nuna zamanin da, ina za su sami tasha da tarago na asali? Su biya su yi amfani da shi. Amma kada a ruɗi kai, kuɗin ƙofa shi kaɗai ba ya riƙe gidan tarihi a ko'ina, shi ya sa ake bukatar asusu da waƙafi a bayansa.

Daga ƙarshe akwai taimakon ƙasashen waje. Asusun jakadun Amurka na adana al'adu, wanda ya soma aiki a 2001, ya taɓa tallafa wa wasu ayyuka a Nijeriya. Sai dai mai ba da taimako yakan fara tambayar abin da kai ka ajiye, da takardar lissafinka. Wanda ya ɗauki kayansa ya kai gwiwa shi ake taya wa zuwa kai.

A watan Janairu na 2019 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, a garin da dogon Arewa ya faro. Mun iya kashe kuɗi a kan sabo, kuma babu laifi a ciki. Abin da ya rage shi ne mu koyi ware ɗan kaɗan domin tsoho, tun da waiwaye adon tafiya ne.

Ni dai injin kakana ya riga ya tafi. Abin da ya rage mana a gida shi ne tsohuwar hularsa ta aiki da katin fanshonsa. Amma akwai wasu injunan da taragun da har yanzu suke tsaye a cikin ciyawa, damina kuma tana zuwa kowace shekara, masu sikeli su ma ba sa hutu. Muna kira ga Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya, da gwamnonin jihohin da dogo ya ratsa, da sarakunanmu da attajiranmu, su fara da abu mafi sauƙi: a rubuta, a yi rumfa, a sa kwaɗo. Duk mai karatun da ya san inda wani tsohon inji ko kayan aikin reluwe yake a garinsu, ya rubuto wa wannan fili, mu buga, domin hukuma ta sani kuma jama'a su zama shaida.

Allah ya sa a ji.